Tura Kwalekwale Daga Gaɓa Mara Zurfi a Fadamar Haɗejiya

A yawancin wuraren su na fadamar kogin Haɗejiya, kwalekwale ba ya samun ruwan da zai ɗauke shi a daidai bakin gaɓa. Tsakanin busasshiyar ƙasa da ruwa mai zurfi akwai fili mai ruwa iya idon sawu ko iya ƙwauri, kwance a kan laka ko rairayi, ciyawa ta rufe rabinsa. A wani wurin taku goma ya isa a ƙetare shi, a wani kuma sai masunci ya ja jirginsa tafiya mai nisa kafin ya ji ya rabu da ƙasa. Wannan fili shi ya tsara kusan komai na sana'ar: siffar jirgin da ake ƙerawa, yawan kayan da ake zuba masa, sandar da ake tuƙa shi da ita, har da lokacin fita da na dawowa.

Dalilin rashin zurfin yana cikin shimfiɗar ƙasar. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, kuma daga wajajen Wudil zuwa gabas gangarar ƙasa kaɗan ce ƙwarai. Ruwan da ya taho da gudu sai ya rage sauri, ya zubar da yashi da lakar da ya ɗauko, ya fara rarrabuwa. Reshe ɗaya ya bi ta Kafin Hausa. A ƙasa da garin Haɗejiya, wajajen Likori, kogin ya sake rabuwa zuwa tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana da Marma, wadda ke kai ruwa tafkin Nguru. Daga kudu kogin Jama'are, wanda ya faro daga tsaunukan Jos, yana shigowa da nasa ruwan, su haɗu kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe mai zuba a tafkin Chadi. Tsakanin waɗannan rassa akwai tsofaffin jigayin yashi a jere, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Idan ruwa ya cika sai jigayin su zama tsibirai, kwarurrukan da ke tsakaninsu su zama tafkuna masu faɗi marasa zurfi. A kan irin waɗannan tuddai ne ƙauyuka da dama na Guri da Kirikasamma da Auyo ke zaune, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, kuma ga wasunsu kwalekwale ne hanyar kasuwa da asibiti na tsawon watanni.

Gaɓar da ba ta zama wuri ɗaya

Masuntan bakin teku sun saba da gaɓar da ke matsawa sau biyu a rana. Jan da wata ke yi wa ruwa, tare da na rana, yana sa teku ta ciko ta janye sau biyu cikin awa 24 da kimanin minti 50, kuma cikowar ta fi girma a tsakiyar wata da ƙarshensa. A Haɗejiya ma gaɓa tana matsawa, amma sau ɗaya ne a shekara, kuma nisan da take ci ya fi na mafi yawan gaɓoɓin teku. Inda ƙasa ta shimfiɗe haka, ƙarin ruwa na taƙi ɗaya kan iya tura bakin ruwa ɗaruruwan taku zuwa cikin gonaki.

Damina tana kankama a watan Yuni, kogi ya soma ɗagowa a Yuli, cikar ta kai ƙarshenta tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba. Ruwan da ke cika fadamar galibi ba na saman Haɗejiya ba ne, ruwan ƙasar Kano da Bauci da Filato ne da ke ɗaukar makonni a hanya. Shi ya sa ana iya ganin bakin ruwa yana hawa a ranar da ko gajimare babu, kuma wajajen Nguru da Gashuwa kan ga cikarsu bayan ta Haɗejiya. Daga Oktoba ruwa ya fara komawa. Kifi yana bin wannan tafiyar: tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da kawara da bargi suna shiga ciyawa da sabon ruwa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a cikin burugu da bado, sannan in ruwa ya juya su nemi hanyar komawa kwarin kogi. Kamun da ya fi albarka yana zuwa ne a wannan komawar, daga kaka zuwa hunturu.

Gaɓar ruwa mai hawa da ta ruwa mai janyewa ba iri ɗaya ba ce, kuma wanda bai rarrabe su ba zai sha wahala. Ruwa mai hawa yana kwanciya a kan ƙasar da ta daɗe a bushe, saboda haka ƙafa na samun tauri, amma ƙarƙashinsa akwai kunyoyin gona da kututture da ƙayar bagaruwa, waɗanda ba a gani sai sun taɓa jirgi. A wannan lokacin ana ɗaure jirgi da doguwar igiya a jikin giyayya ko wani icce da ke tudu, domin turken da aka kafa a bakin ruwa da yamma zai iya kwana a cikin ruwa iya ƙugu. Ruwa mai janyewa kuwa taɓo yake bari, mai santsi da riƙe ƙafa. Jirgin da aka bari yana lilo da magariba ana iya tarar da shi da asuba zaune daram a kan laka, ruwa ya yi masa nisa. Don haka a kaka ana kafe shi can ciki da sanda, mai shi ya taka ruwa ya fito. Hanyar gane inda ruwa ya dosa mai sauƙi ce: a soka kara a daidai bakin ruwa da yamma, a duba shi da safe.

Jirgin da ya dace da wurin

Ƙera jirgi a wannan kwari tsohon abu ne ƙwarai. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, kusa da kogin Komadugu Gana, ya ci karo da wani icce a zurfin kimanin mita 5. Masu binciken tarihi daga jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8.4 da faɗin kimanin rabin mita, an fafe shi daga icce ɗaya. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Dogo ne siriri mai tsinin goshi da baya, siffar da har yau ba baƙuwa ba ce a kogunan yankin.

Jirgin sassaƙa daga gungume ɗaya ya yi ƙaranci yanzu, domin manyan itatuwa irin su maɗaci da za a fafe sun yi wuya. Abin da ya fi yawa shi ne na katako, wanda kafinta ke haɗawa da ƙusa, a cusa auduga ko tsumma a mahaɗar katakan, a shafe da kwalta, wani lokaci a bi da ɓallin kwano a rufe. Ƙasansa shafaffe ne, goshinsa ya ɗan ɗaga. Shafaffen ƙasa shi ne sirrin tafiya a ruwa mara zurfi, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Jirgi yana nutsa ne har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan faɗin ƙasan jirgi ya kai murabba'in mita 3, kowane santimita ɗaya da ya nutsa yana ture lita 30, wato kilo 30. A ce jirgin da mutum biyu da komarsu sun haɗa kilo 360, to santimita 12 kawai zai shiga ruwa, bai kai taƙi ba. Jirgi mai kaifin ciki da nauyi ɗaya zai buƙaci ruwa fiye da haka sosai. Abin da shafaffen ƙasa ya bayar ta nan yana karɓewa ta wani wajen: ba ya yanka igiyar ruwa, dukanta yake yi, iska kuma tana saurin juya shi.

Akwai abin hawan da bai damu da zurfi ba ko kaɗan, wato gora. Masunci yakan kwanta da ciki a kan babban gora mai ƙaramin baki, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya jefa a ciki. Mutum ɗaya ke ɗaukarsa a ka ya kai bakin ruwa, yana ratsa ciyawar da jirgi ba ya iya shiga. Shi ne ake gani a bikin kamun kifi na Argungu da na Bade a Gogaram, amma a fadamar Haɗejiya kayan aikin yau da kullum ne. Iyakarsa dai ba ya ɗaukar taru, ba ya nisa, kuma mai shi yana jiƙe tun daga fita har dawowa, abin da ba wasa ba ne a sanyin Disamba.

Jirgin katako da ya yi rani a tudu ba a tura shi kai tsaye a hau. Katako ya bushe ya tsuke, mahaɗai sun buɗe, yana shiga ruwa zai riƙa sha ta ko'ina. Sai an sabunta cushe da kwalta, a nutsar da shi a ruwa mara zurfi na 'yan kwanaki har katakon ya kumbura ya matse, sannan a kwashe ruwan a duba inda ke tsattsafowa.

Turawar kanta

Ana fara zaɓen kwata. Wadda ta fi kyau ita ce mai rairayi ko ƙasa mai tauri, mai gangara a hankali, kusa da wata hanyar ruwa da ta fi kewayenta zurfi. Sau da yawa hanyar shanu ce ko turbar da mutane ke bi da rani, domin sawu ya lotsa ta, ciyawa ba ta tsira a kanta ba, ruwa na zuwa ta zama ƙorama. Masu jirgi suna riƙe taswirar rani a ka, su yi amfani da ita da damina: sun san inda rijiyar lambu take, inda aka haƙi ƙasar gini, inda shingen gona ya ratsa.

Fita yawanci da asuba ce, kafin iska ta tashi. Aikin farko kwashe ruwan da ya taru cikin dare, da ƙoƙo ko yankakkiyar jarka. Wannan ba a raina shi, domin ruwa a cikin jirgi nauyi ne mai gudu, yana kwarara ya koma duk gefen da jirgin ya karkata ya ƙara masa karkata. Idan jirgin ya zauna a laka, ba a fara da ja. Laka tana manne wa shafaffen ƙasa kamar yadda faranti ke manne wa jiƙaƙƙen tire, mutum uku ma sai su ja su gaji bai motsa ba. Sai a kama gefe a girgiza shi hagu da dama har ruwa ya shiga ƙarƙashinsa, a ji ya saki, daga nan mutum ɗaya ma ya iya zamar da shi. A kan yashi ko tsakuwa kuwa ja yana cinye kwalta yana kwance ƙusa, saboda haka ana shimfiɗa kara ko kabar goruba ko jiƙaƙƙiyar ciyawa, jirgin ya zame a kansu.

Jirgi yana tafiya wofi a wannan matakin. Koma da tarkuna da guzuri suna ka ko kafaɗa har sai ruwa ya kai gwiwa. Ɗaya yana gaba riƙe da igiya yana laluben hanya da ƙafa, ɗaya yana baya yana turawa. Tafiyar ta jan ƙafa ce, ba ta ɗaga ta ba, don kada a taka ƙaya ko tsohuwar ƙugiya da dukan nauyin jiki. Da jirgin ya hau ruwa sosai sai a zuba kaya, mai nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, a shirya komar yadda za ta fita ba tare da ta harɗe ba. Kalli, wato komar da ake shimfiɗawa a bari kifi ya maƙale, ana ninke ta ne bi da bi, ƙarshen da za a fara sakawa yana sama. Igiyar mari-mari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi tana da nata mazubi, ba a barinta a inda ƙafa za ta bi. Tarkunan mali da gura ba su da nauyi amma suna da girma, in an tula su sama iska na kama su.

Na gaba ke fara shiga. Yakan kama gefe biyu na jirgin, ya sa ƙafa a tsakiya, ba a baki ba, ya zauna nan take. Na baya ya yi bisimilla ya ba da turi na ƙarshe, ya ɗora gwiwa ɗaya ko cikinsa a kan gindin jirgin, ya bar ƙafafunsa a ruwa su ɗauraye kafin ya jawo su ciki. Laka a cikin jirgi santsi ce, kuma mai jefa komar birgi a tsaye zai yi aikinsa a goshin jirgi, yana juya jiki da nauyin dalma a hannu. Yawancin kifewar ƙananan jirage a bakin gaɓa daga hawan nan take faruwa, mutum biyu su hau lokaci ɗaya ta gefe ɗaya, ko wani ya taka baki. Ruwan ba zai ci mutum ba a nan, amma guzuri da waya da ranar aiki sun tafi.

Inda ake turawa cikin kwarin kogi mai gudu, kamar a gaɓar da ke kusa da garin Haɗejiya lokacin cika, dokar ta ƙaru da ɗaya: goshin jirgi ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Jirgin da aka tura a gicciye ruwa zai kama gabansa ya juya shi tun na baya bai gama hawa ba. Mai son ƙetarewa yakan bi gefen gaɓa ya haura, inda ruwa ba shi da ƙarfi, sannan ya yanka a karkace, gudun ruwan ya sauko da shi daidai inda ya nufa. Masu fito da wannan dabarar suke aiki kullum.

A ruwa mara zurfi gwangwala ta fi filafili. Mai tuƙi yana tsaye a baya, ya soka ta kusa da jikin jirgi, ya bi ta da hannu har ƙarshe, ya bar ta ta ja a baya ta gyara masa hanya. A taɓo takan kafe, sai an murɗa ta kafin a zare. In ta ƙi, sakinta ake yi, domin wanda ya nace da riƙo jirgi zai wuce ya bar shi rataye. Saboda irin wannan ranar ne filafili ba ya rabuwa da jirgi, kuma shi ake komawa gare shi da zarar sanda ta daina taɓa ƙasa. Inji kuwa yana son ruwan da ya kusa rabin mita, farfelarsa tana naɗe ciyawa da tsohuwar koma, ƙofar da yake jan ruwan sanyaya kansa tana toshewa da laka. Mai inji yakan ɗage shi sama ya fita da sanda kamar kowa, sai ya kai sarari ya sauke shi.

Dawowa ta fi fita wuya. Koma ta jiƙe ta ƙara nauyi, ga kifi, ga ruwan da ya shiga, jirgin da ya fita da santimita 12 zai iya dawowa da 20, ya zauna tun da sauran nisa. Sai a sauka a sauke kaya a bi da shi kamar yadda aka fito. Lokacin damina hadari daga gabas yake tasowa, iska mai ƙarfi na gabansa, kuma faffaɗan ruwa mara zurfi yana tayar da gajerun igiyoyi masu tsayuwa, masu bin juna kusa da kusa, waɗanda ke faɗawa cikin jirgin da bakinsa ya kusa ruwa. Wanda hadari ya riska a sarari ya fi masa ya shige ciyawa mai kauri, inda igiya ke mutuwa, da ya yi tseren kai wa kwata.

Yadda ake yi a bakin teku

Hausawan da ke zaune a zangunan Akara ko a Legas suna ganin wani salon wannan aikin. A gaɓar Gana, a wurare irin su Elmina da Jamestown, manyan kwalekwale ne da ake fafewa daga iccen wawa a ƙara musu katako a gefe. Suna kwana a kan yashi sama da inda teku ke kaiwa, a gangaro da su a kan gumagumai, mutane da yawa na turawa da waƙa. Abokin gabarsu igiyar ruwa ce mai karyewa a gaɓa. Igiyoyin suna zuwa rukuni-rukuni, manya a jere sannan ɗan sassauci, kuma shugaban jirgi yana tsaye yana ƙirga su har ya ga sassaucin ya ba da umarni. Goshin jirgi dole ya fuskanci igiyar kai tsaye, in ya ba ta gefe ta kifar da shi. Haka ake yi a Guet Ndar ta Saint-Louis da Kayar a Senegal. A yawancin gaɓar Gana ba a fita su ranar Talata.

Tazarar cikowa da janyewa kimanin mita 1 ce a Legas, tana ƙaruwa zuwa gabas har ta kai wajen mita 3 a Kalaba. Wurin da ya fi kama da Haɗejiya shi ne gaɓar Ilaje a jihar Ondo, inda bakin teku laka ce shimfiɗaɗɗiya. A can wanda ya makara har ruwa ya janye sai ya jira awa shida ko ya yi ta fama da taɓo. Bambancin shi ne masuncin teku yana iya sanin lokacin cikowar gobe da ta wata mai zuwa ta duban wata. Na Haɗejiya a da yana karanta nasa ruwan daga damina. Yanzu akwai wani hannu a cikin lamarin.

Madatsun ruwa da kacalla

An kammala madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, ta Challawa a 1992, kuma su biyun suna riƙe da kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗejiya. Akwai kuma shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗejiya a wajajen Auyo. Duka suna ƙarƙashin hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. Filin da ruwa ke malalewa, wanda ya haura murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960, ya koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980, fari da madatsa suka haɗu a kansa. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama, in aka haɗa noma da su da itacen wuta, ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka karkatar zuwa aikin noman rani na kogin Kano. Ba a ba wannan sakamako nauyin da ya kamata ba.

Ga mai jirgi, illar da ta fi taɓa shi ita ce ciyawar kacalla. A da kogin yakan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da aka fara sakin ruwa duk shekara saboda noman rani da ruwan sha, sai kacalla ta sami ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa, wanda shi ne abin da take so. Tana fin mutum tsawo, saiwarta na saƙa a ƙasa, tana tare laka har hanyar ruwa ta cike. Ta toshe dogayen sassa na tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana, ruwa ya karkata zuwa Marma, wasu garuruwa suka rasa ruwa, wasu gonakinsu suka nutse dindindin. Tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero a cikinta suke kwana. Kuma daidai filin da ake tura jirgi ta fi kamawa. Kwatar da aka gada kaka da kakanni sai ta zama bango, dole mutanen gari su yi gayya da adda da lauje, suna tsaye cikin ruwa iya ƙirji, su sare siririyar hanyar da jirgi ɗaya zai bi. In aka bar ta wata biyu ta rufe. A irin wannan hanya filafili ba ya da wurin motsi, wani lokaci ma da hannu ake kama ciyawar a ja jirgin.

A 2006 jihohi shida da ke cikin kwarin, wato Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da ruwan, kuma an sha kawo injinan yashe hanyoyi. Tafkin Nguru da Marma sun shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, fadamar Baturiya ta bi a 2008. Duk da haka toshewar hanyoyi na cikin abin da ke sa ruwa ya bar kwarinsa ya shiga gari a shekarun ambaliya irin 2020 da 2022, lokacin da jiragen su suka koma kwashe mutane da hatsi daga ƙauyukan da ruwa ya kewaye. A irin wannan lokaci ne aka fi asarar rai, domin jirgin da aka ƙera don mutum biyu da koma ana cika shi da mutum goma da buhuna, bakinsa ya rage yatsa uku da ruwa, sau da yawa da dare, kuma babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya a ciki.

Ruwan gaɓa yana da wata cutar da ba ta gaggawa. Dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya a ruwa mara zurfi mai ciyawa yake zama, ƙwayar kuma ta fata take shiga jikin wanda ya tsaya a ciki. Masunci da yaran da ke taya shi turi suna cikin waɗanda suka fi kamuwa. Fitsarin jini ne alamar da aka fi sani, maganinta ƙwaya ce da ake samu a asibiti, amma wanda ya warke ya koma ruwan zai iya sake ɗauka.

Daga Janairu zuwa bazara ruwa yana tsinkewa ya zama tafkuna da gurabe a warwatse. Yawancinsu suna da masu iko da su, sarkin ruwa ko bulama ko wani gida da ya gaji wurin, kuma akan hana taɓa wasu har sai ranar da aka sa, jama'a su shiga tare da homa da gora da taru. Gaiwa takan shige laka ta naɗe kanta ta jira damina, masu nemanta da fartanya suke zuwa, ba da jirgi ba. Kifin da aka tara ana banda shi a kai kasuwar Haɗejiya, daga nan a ɗaure a kwali zuwa Kano da kudancin ƙasar. Masu jirgi kuwa suna rabuwa biyu. Wasu su ɗora nasu a amalanke ko mota su bi ruwa zuwa Marma da tafkin Nguru da sauran wuraren da ba sa ƙafewa. Sauran su nutsar da shi a gurbin da ya rage don kada katako ya tsage, ko su jawo shi inuwa su kife a kan duwatsu ko gumagumai saboda gara, su koma noman rani har kogi ya sake ɗagowa a Yuli.